Baƙuwar Kaka a Kan Bagaruwa

A gidanmu ba a taɓa sabuwar masara sai wata tsuntsuwa ta ba da izini. Duk abokin da na faɗa wa haka sai ya dube ni kamar zazzaɓi ya taɓa min kai, amma dokar ta girme ni. Idan aka karyo masara daga gona, a rataye ta a rumfar bayan gida, muna kallonta tana kallonmu, har ranar da Kaka, mahaifiyar Babana, za ta dawo daga gindin bagaruwar da ke bayan katangarmu ta ce, "Baƙuwa ta sauka." Ran nan ake ɓare masara, a shanya, a kai inji.

Baƙuwar nan kuwa, da za a ɗora ta a sikelin mai tumatir, sikelin ba zai san an ɗora masa komai ba. 'Yar mitsitsiya ce, launinta tsakanin ƙasa da ɗanyen ganye. Marigayi kakana ne ya lura, tun suna ƙauyensu wajen Auna, cewa ba ta zuwa sai damina ta tattara kayanta da gaske. Da suka dawo Kontagora, Kaka ta taho da tukwanenta da tabarmarta da wannan doka. Tana da sunan tsuntsuwar da Kambarci, ta sha faɗa min, harshena ya ƙi ɗauka, shi ya sa kowa a gidan yake cewa Baƙuwa.

Matsalar ta fara ne bara. Cutar yana ta fara rufe idon Kaka, tana ganin mutum kamar ta cikin hayaƙin murhu. Duk da haka ta je gindin bagaruwa, ta dawo ta ce Baƙuwa ta sauka. Aka ɓare masara, aka baza a tamfol cike da tsakar gida. La'asar na yi sama ta yi baƙi, aka tsuge da ruwa irin wanda har kaji sai da suka nemi ceto. Muka yi ta kwasa da kwano da bokiti da hular Baba, amma rabin masarar ta yi funfuna. Babu wanda ya ce wa Kaka komai. Ita kuwa kwana uku ba ta fito tsakar gida ba.

Bana, ranar wata Lahadi, muna cin tuwon tsohuwar masara, wanda ƙwarin cikinsa sun yi yawan da ya kamata a ce su ma su kawo cefane, Baba ya yi gyaran murya.

"Inna, bana dai a yi haƙuri. Rediyo ya ce ruwa ya ɗauke. Na yi magana da mai injin ɓara, zai zo ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci."

Na ajiye lomata ina jiran yaƙi, don Kaka mace ce da take musu da rediyo, ta kuma ci nasara. Har mai karanta labarai tana gyara wa magana.

"Ba ta sauka ba," in ji ta.

"Inna, ko ta sauka, da wane ido za ki gan ta?"

A hankali ya faɗa, babu tsawa. Kaka ta wanke hannunta a kwano, ta ce, "To." Ta ɗauki sandarta ta shige ɗaki.

In faɗi gaskiya, cikina yana bayan Baba ɗari bisa ɗari. Amma wannan "to" ɗin ta tsaya min a wuya fiye da tuwon.

Washegari da na dawo daga makaranta ta ƙwala min kira. Ni ne jikanta na fari namiji, don haka tun ina cikin zani take ce min maigida, ni kuma in ce mata amarya.

"Maigida! Zo nan, mijin da ba ya kawo ko gishiri."

"Amarya, ai kin tsufa ne, shi ya sa na rage hidima."

"Rufe min baki. Wannan abin da kake dannawa har ka manta an aike ka, yana kama tsuntsu?"

Tana nufin wayata. Tsohuwar wayar Baba ce da ya bar min, gilashinta ya tsage ta ko'ina kamar ƙasar fadama da rani.

"Yana kama hotonsa."

"Ka kamo min ita. Ka ja ta da yatsa ta yi girma yadda kake yi wa 'yan ƙwallonka, in kai ido kusa. In ita ce, zan gane ta. Kafin Juma'a."

Na bugi ƙirji na ce ko jirgin sama take so zan kamo mata.

Ban san tsuntsaye ba su da tarbiyya ba sai a kwana biyun nan. Ka ɗaga waya, su tashi. Ka sauke, su dawo su zauna suna kallonka. Na ɗauki hoton ƙaya, na ɗauki hoton sama, na ɗauki babban yatsana ta fuska huɗu. Akuyar maƙwabtanmu ta fito a hoto sau da yawa har ta fara gyara tsayuwa idan ta hango ni. Ranar Talata da yamma na samu wani ɗan tsuntsu sarai a kan reshe, na ruga ciki ina ihu har na yi tuntuɓe da buta.

Kaka ta manna wayar a hancinta, ta rufe ido ɗaya.

"Wannan mai doguwar jela? 'Yar unguwa ce. Tare muka yi damina da ita, ko Rijau ba ta taɓa zuwa ba."

"To yaya taki take?"

"Tana da gira."

"Amarya, tsuntsu da gira? Har da kwalli?"

Ta kai min sanda, na goce.

Ranar Laraba na kai ƙara wajen malamar bayolojinmu. Mutuniyar Rijau ce, doguwa, ita ce take jagorantar mawaƙan cocinsu, shi ya sa idan ta kira sunanka daga ofis har 'yan firamaren da ke maƙwabtaka da mu sai sun nutsu. Na san tana da wani littafin tsuntsaye a durowarta tun tana jami'a.

"Shugaban 'yan bayan aji," in ji ta, "yau kuma wa ka tsokana?"

Na kwashe labarin na faɗa mata. Ta daina makin da take yi, ta ciro littafin, ta buɗe wani shafi cike da ƙananan tsuntsaye.

"Malama, ai tsuntsu ɗaya ne aka buga sau ashirin don littafin ya yi kauri."

Ta ɗan ƙwanƙwashe ni da rula a ka. Ta ce dangi guda ne, da Turanci ana ce musu wobla, kuma ko waɗanda suka tsufa a aikin suna rikicewa a kansu. Wasu 'yan gida ne, wasu kuma baƙi ne da ke zuwa ƙarshen damina. Ta ɗora yatsa a kan guda biyu da ke jere, kamar tagwaye.

"Daga bayanin kakarka, ina zargin wannan ce. Amma dubi 'yar'uwarta. Abu uku za ka kawo min. Gira: wani farin layi mai ɗan rawaya a saman ido. Ƙafa: ta wannan fara-fara ce kamar busasshen kara, ta waccan baƙa. Sai fiffike: na wannan dogo ne, tsininsa ya miƙe sosai a kan jela, don tafiyarta ta fi nisa."

Na kwafi sunan a bayan littafin lissafi. A nan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, har da gyara min kujera. Ina fita daga ofis na rubuta sunan a waya, sai ga hotuna kamar an kai tsuntsuwar situdiyo: gira kamar an ja da alli, ƙafa tas, ido yana ƙyalli. Na ce a raina, ai ita ce dai. Me ya raba wadda ke waya da wadda ke bagaruwa? Kaka za ta ji daɗi, Baba zai ɓare masararsa, ni in huta da ƙaya. Na sauke wanda ya fi kyau.

Har ƙasa na shafa a gwiwar wandona kafin in shiga ɗakinta, don a ga alamar wahala.

"Amarya, kawo tukwici! Na kamo ta!"

Ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa. Ta kai wayar kusa da idonta na dama, wanda ya fi gani, ta daɗe.

"Masha Allah. Ga gira. Ga ƙafa."

Ni har na fara jin ƙamshin sabon tuwo.

"Maigida, tun yaushe bagaruwarmu ta fara ganye mai faɗi?"

Na leƙa. Tsuntsuwar tana zaune a kan wani reshe mai ganye kamar tafin hannun jariri. Ganyen bagaruwa kuwa ƙanana ne kamar an yanka da reza.

"A'a, wato, ta ɗan koma bishiyar maƙwabta ne."

"Kuma wannan ta ƙoshi. Dubi ƙirjinta. Baƙuwata a rame take isowa, gashinta a hargitse, kamar wadda ta kwana uku a bayan motar kasuwa. Wannan a gidan ubanta aka ɗauke ta."

Ta miƙo min wayar. Sai ta kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinta ba.

"Ubanka ya faɗa min a gabana cewa ba na gani. Wannan na iya ɗauka. Kai kuma ka zo ka gwada ni."

Na tsaya da ƙasa a gwiwa, na rasa inda zan sa fuskata. Da ta rufe ni da sanda da na fi samun sauƙi.

Ranar Alhamis da safe na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da "lafiya lau" irin wadda ake yi wa mai tambayar hanya. A makaranta ko tsokana ɗaya ban yi ba, har abokin zamana ya taɓa goshina ya ji ko da zafi. Da aka tashi na biya kasuwa na sayo goro fari, na daka mata a ɗan turminta, don haƙoranta sun yi ritaya tun kafin a haife ni. Na same ta a gindin bagaruwa a kan kujerarta 'yar tsugunno. Na ajiye goron a gabanta.

"Kaka, jiya ƙarya na yi."

"Na sani. Ina wurin."

Ta ɗebi goron ta zuba a baki. Can ta ce, "Ka san abin da ya sa kake ta kamo akuya? Da ido kake bin ta, idonka kuwa rawa yake kamar ƙafarka. Kuma da yamma kake zuwa. Ita da safe take kiwo, lokacin da rana ta taɓa kan bishiya, ƙananan ƙwari suka fara motsi. Ba ta zama. Sai dai tana magana."

Ta tsuke baki ta yi wani ɗan fito mai gaɓa biyu, na biyun ya ɗaga sama: huu-wit. Da ranar Litinin ce da na yi dariya har na faɗi.

"Jiya da safe na ji kamar ita," in ji ta.

"To ki faɗa wa Baba mana!"

"Bara ma na ji kamar ita."

Ta ci gaba da tauna goronta tana fuskantar bishiyar. A lokacin na gane ba Baba kaɗai take so ta gamsar ba.

Ranar Juma'a, ana idar da sallar asuba na sa kayan makaranta, na ɗauki kujerarta, ta dafa kafaɗata muka zagaya bayan katanga. Ta ce in zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, in riƙe waya a shirye, kar in nemi komai. Inda sandarta ta nuna, nan zan danna, ko na ga tsuntsu ko ban gani ba.

Zama shiru shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba ni a duniya. Tururuwa ta mai da ƙafata babbar hanya. Hancina ya yi ƙaiƙayi. Na tuna duk wata waƙa da na taɓa ji. Rana ta fito ta taɓa saman bagaruwa, furanninta suka yi rawaya, tsuntsaye suka cika wurin da surutu kamar tashar mota. Ni duk ɗaya nake jin su. Kaka ta sunkuyar da kai, idonta a rufe.

Sai na ji shi, siriri, can ƙasa da sauran. Huu-wit.

Sandar ta ɗaga a hankali zuwa hagu. Na danna. Ta matsa sama kaɗan. Na danna. A karo na uku ne na gan ta da idona, wata 'yar aba tana tsalle tsakanin ƙayoyi tana tsintar abin da ba na gani a bayan ganye. Na yi ta dannawa har ta tashi ta tsallake katanga.

Muka duba. A cikin tarin ƙaya da sama, hotuna uku ne kawai suke da tsuntsu, kuma babu wanda yake da tsuntsu cikakke. Na farko kai ne, ƙaya ta raba shi biyu. Na biyu ciki ne da ƙafafu, an ɗauko daga ƙasa. Na uku baya ne da fiffike, tana shirin tashi.

"Ba ni in gani," na zaci za ta ce. Sai ta ce, "Kai wa malamar taka tukuna. Kar in sa rai."

Na makara, aka ba ni shara a bakin ƙofa, na share da gudu har na tura wa mai gadi ƙura a shayinsa. Ana kaɗa ƙararrawar tara na faɗa ofishin Malama.

Ta sa tabarau, ta buɗe littafi, ta ajiye wayata a gefensa.

"Gira akwai. Amma da yawansu suna da gira, wannan bai isa ba." Ta wuce na biyu, ta ja shi ya yi girma. "Ƙafa fara-fara. Sai dai hasken safe yana yaudara, yana iya wanke baƙar ƙafa."

"Malama, don Allah, yau Juma'a ce fa."

"Tsuntsuwar ba ta san Juma'a ba. Yi min shiru."

Ta daɗe a kan na uku. Ta ɗauki bakin biro tana auna tsinin fiffiken a kan gilashi, ta auna na littafi, ta sake aunawa. Ta tambaye ni ko na ga tana yawan kaɗa jela ƙasa. Na ce ban lura da haka ba, kuma karon farko a rayuwata ban ƙara gishiri ba. Ta ce in yi mata kukan. Na tsuke baki na yi huu-wit a tsakiyar ofis, malamin lissafi ya ɗago kai ya ce dama ya san ƙarshena ke nan.

Malama ta cire tabarau. "Da ɗaya ka kawo min, da na ce ban sani ba. Amma uku sun haɗu, ga kuka. Ita ce."

Ta ce 'yar abar nan daga ƙasashen da ruwa ke daskarewa take tasowa, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta zo ta sauka a bagaruwarmu. Ni da ake aike ni bakin titi in dawo ina haki.

"Malama, ki rubuta min a takarda. A gidanmu yanzu ko na ce rana ta fito sai an leƙa waje."

Ta yi dariya, ta rubuta da jan biro, ta sa hannu. Ta ce in gaida Kaka, in kuma tambaye ta ko za ta yarda ta zo ranar Asabar ta zauna kusa da ita da safe.

Da na iso gida, injin ɓara yana ƙofar gida a kan amalanke, mai shi ya ajiye ya tafi alwala. Baba yana gyara hula zai tafi masallaci. Na miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu. Ya karɓi wayar ya duba hotunan.

"Wannan ƙafar ce shaidar?"

"Da gira da fiffike, Baba. Kaka ce ta ji ta, ta nuna da sanda. Ni dannawa kawai na yi."

"Idonta a rufe?"

"A rufe."

Ya tsaya yana juya takardar. Injin na nan, masarar na nan, ko ya yi magana ko bai yi ba bayan sallah za a ɓare ta. Sai ya nufi ɗakin Kaka, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa da babbar rigarsa ta Juma'a.

"Inna, mai inji ya kawo injinsa. Me kika ce?"

Kaka ba ta yi sauri ba. Ta gama tauna abin da ke bakinta, ta gyara ɗankwali.

"Maigida, kawo in gani."

Na kusa yin tsalle da jin sunan. Na buɗo mata na biyu, na ja shi har cikin tsuntsuwar ya cika gilashi. Ta kai shi kusa da idon dama.

"Allah sarki. Dubi yadda ta rame." Ta shafa gilashin da yatsa. "Sannu da hanya."

Sannan ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, da akuyarsu: "Baƙuwa ta sauka!"

Bayan an sauko daga masallaci mai inji ya tura amalankensa bayan gida, ya kafa dab da katanga, ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama ruri. Ko buhu ɗaya ba a cika ba sai ga Kaka ta fito tana dogara sanda.

"Kai mai inji! Kashe abin nan! A ƙarƙashin baƙuwata za ka kafa min wannan masifa? Ta sha tafiya, barci take so. Ku kai shi ƙofar gida."

Mai inji ya kashe, ya dubi Baba, ya dubi tulin masarar da sai an sake kwashe ta an zagaya da ita.

"Alhaji, wace baƙuwa?"

Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya kama hannun amalanke ɗaya.

"Ka ji abin da ta ce. Kama can mu tura."

Na isar wa Kaka saƙon Malama, sannan ni aka bar wa kwasar masarar, kwando bayan kwando. Duk wucewar da zan yi ta gabanta sai Kaka ta miƙo sanda ta taɓa min ƙafa.

"Yi sauri, angon ƙarya. Kuma gobe ka share min gindin bishiya, ka fito da kujera biyu. Ina da ɗaliba."